Tabar Wiwi: Amfaninta, Illarta da Muhawarar Halatta Ta, Nasiha ga Matasa

Tabar wiwi tsiro ce da ta samo asali daga tsakiyar nahiyar Asiya, amma a yau ana noma ta kusan ko'ina a duniya. Masana tsirrai suna kiran ta Cannabis sativa. Tana da mace da namiji, kuma abin da ke bugarwa ya fi taruwa a furen macen, cikin wani ƙaro mai danƙo da ke lulluɓe shi. Idan aka busar da fure da ganye aka naɗe a takarda, shi ne abin da mashaya suke zuƙa. Idan aka tattara ƙaron shi kaɗai aka matse, shi ne hashish, wanda ya fi yawa a ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka. Wasu suna dafa ta a shayi ko cikin abinci, wasu kuma suna tatsar manta. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wato UNODC, ya ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 200 ne suke shan ta a shekara, abin da ya sa ta zama kan gaba a kayan mayen da doka ta hana.

Yadda take aiki a jiki

A cikin tsiron akwai sinadarai fiye da 100 waɗanda suka keɓanta da shi, amma biyu ne suka fi shahara. Na farko shi ne THC, mai kawo maye, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware shi a 1964. Na biyu shi ne CBD, wanda ba ya bugarwa. Daga baya, tsakanin 1988 da 1992, masu bincike suka gano cewa jikin ɗan Adam yana haɗa wasu sinadarai nasa na kansa masu kama da THC, kuma a ƙwaƙwalwa akwai wuraren da aka tanada don karɓar su. Wannan tsari yana da hannu wajen daidaita jin yunwa, barci, raɗaɗi, yanayin rai da ajiye abin da mutum ya koya.

Jiki yana sakin nasa sinadaran kaɗan-kaɗan, a inda ake bukata da lokacin da ake bukata, sannan ya kawar da su da sauri. THC kuwa yakan mamaye waɗannan wurare gaba ɗaya, ya daɗe a kansu. Daga nan ne ake samun annashuwa da dariya ba dalili, jan ido, bushewar baki, yunwa, saurin bugun zuciya, da jin kamar lokaci ya tsaya. Daga nan ne kuma ake samun firgita, zargi da mantuwa. Wanda ya zuƙa yakan ji ta cikin 'yan mintoci, ta sake shi bayan awa biyu ko uku. Wanda ya ci ta a abinci yana iya kai awa guda ko biyu bai ji komai ba, ya ƙara, daga baya ta taso masa gaba ɗaya. THC yana maƙalewa a kitsen jiki, shi ya sa gwajin fitsari yake nuna shi makonni bayan mai yawan sha ya daina.

Yadda ta iso da yadda ta yaɗu

Mutanen Sin da Indiya sun san wiwi shekaru dubbai, suna yin igiya da tufafi da zarenta, suna sa ta a magungunansu. Likitancin Turawa ya san ta sosai bayan wani likita, William O'Shaughnessy, ya wallafa gwaje-gwajen da ya yi da ita a Kalkata a 1839. A Najeriya masu tarihi suna danganta yaɗuwarta da sojojin da suka dawo daga Bama da Indiya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma ma'aikatan jiragen ruwa. A yau mafi yawan wadda ake sha a ƙasar ana noma ta ne a dazuzzukan Ondo, Edo, Delta, Osun da Ekiti, ana tura ta arewa a buhuna da sunƙi, wani lokaci a ɓoye cikin kayan abinci. Nijar kuma ta zama mashigar masu safarar hashish zuwa Libiya. A watan Maris na 2021 jami'an tsaro sun kama tan 17 a wani ɗakin ajiya a Yamai.

Binciken da UNODC da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabaci binciken, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Wannan adadi ya zarce yawan al'ummar wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Ana samun wiwi a kangwaye, a bayan makarantu, a tashoshin mota da dabobin unguwa, a farashin da ɗan makaranta zai iya biya daga kuɗin karin kumallonsa.

Amfanin da aka tabbatar

Adalci ne a faɗi cewa akwai magani a jikin wannan tsiro, domin ɓoye gaskiya yakan sa matasa su daina yarda da duk wani gargaɗi. A 1985 Amurka ta amince da wani magani mai suna Marinol, wanda THC ne da aka haɗa a masana'anta, don rage tashin zuciya da aman da maganin ciwon daji yake jawowa, daga baya kuma don dawo wa masu ƙanjamau da cin abinci. A 2010 Birtaniya ta amince da Sativex, wanda ake fesawa a baki, don sassauta ɗaurewar tsoka ga masu wata cutar jijiyoyi. A 2018 aka amince da Epidiolex, wanda CBD ne tsantsa, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara tun suna ƙanana, waɗanda sauran magunguna suka kasa. Wani babban nazari da cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka suka fitar a 2017 ya samu hujja mai ƙarfi cewa sinadaran wiwi suna rage wa manya raɗaɗin da ya daɗe, ko da yake sauƙin matsakaici ne.

Akwai kuma nau'in da ba ya bugarwa, wanda THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Ana yin igiya, takarda, yadi da kayan gini da zarensa, ana tatsar mai daga irinsa.

Iyakar abin da aka tabbatar ke nan, kuma yana da sharuɗɗa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan magunguna an auna shi, an san adadin sinadarin da ke cikin kowane ɗigo, an gwada shi a kan wata cuta takamaimai, likita ne ke rubuta shi yana bibiyar mai sha. Babu ko ɗaya da ake ƙonawa a zuƙa. Haka lamarin yake ga mofin, maganin raɗaɗin da asibitoci suke ji da shi: daga tsiron da ake yin hodar heroyin ake samo shi, amma wannan bai mayar da mai sayar da heroyin likita ba. Ƙullin da dila ke miƙawa a lungu babu wanda ya san ƙarfinsa, ko maganin ƙwarin da aka fesa masa a gona, ko abin da aka haɗa shi da shi a hanya.

Abin da ake faɗa a majalisa

Yawancin matasa ba don ciwo suke fara sha ba. Aboki ne ke miƙo musu tare da wata hujja. Ana cewa tana sa ƙarfin aiki. Gaskiyar ita ce tana dusashe jin gajiya na ɗan lokaci, amma ba ta ƙara wa tsoka komai, kuma tana rage kuzarin hannu da saurin lura, abin da ke da haɗari ga makaniki, birkila a saman gini, direba da ɗan acaɓa. Ana cewa tana buɗe kai don karatu, alhali ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke ajiye sabon ilimi yana cikin wuraren da THC ya fi taɓawa. Ɗalibi zai ji kamar ya gane komai, gari ya waye babu abin da ya zauna. Ana cewa tana kawo basirar waƙa da fasaha, amma gwaje-gwaje sun nuna cewa abin da take ƙarawa shi ne jin daɗin mutum da abin da ya yi, ingancin aikin bai ƙaru ba.

Ana cewa tana maganin damuwa da rashin barci. Takan kwantar da hankali na sa'o'i, sai dai idan ta saki mutum damuwar tana nan inda ya bar ta, ga kuɗi ya tafi, kuma mai sha kullum yakan kai matsayin da ba ya iya barci sai da ita. Ana cewa tana maganin ciwon hawan ruwan ido. Tana rage matsin ido na awa uku ko huɗu kawai, cutar kuwa tana bukatar kulawa dare da rana, don haka likitocin ido ba su yarda da ita ba. Hujjar da ta fi yawo ita ce wai ganye ce, Allah ne ya halitta ta. Zaƙami ma tsiro ne, tunya ma haka, kuma kowa ya san abin da suke yi.

Illolin da aka tabbatar

Illa ta farko ita ce kamu. Da wuya a samu wanda wiwi ita kaɗai ta kashe nan take, saɓanin tiramol ko heroyin, kuma ba kowane wanda ya ɗanɗana ne take riƙewa ba. Amma ƙididdigar da likitoci suka daɗe suna aiki da ita ta nuna cewa kusan mutum 1 cikin 11 da suka taɓa sha tana zame musu jiki. Ga wanda ya fara tun bai kai shekara 18 ba, adadin ya koma 1 cikin 6, ga masu sha kullum kuma ya fi haka nesa. Alamomin sanannu ne: ƙullin da ke isar mutum jiya ba ya isar sa yau, yana niyyar dainawa yana kasawa, yana barin aiki, karatu ko ibada saboda ita, idan bai samu ba sai faɗa da kowa.

Illa ta biyu, wadda ta fi ban tsoro, ita ce taɓin hankali. A Suwidin an bibiyi matasa sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja har tsawon shekara 15, aka wallafa sakamakon a 1987: waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba har sau shida wajen kamuwa da cutar sikizofireniya, wadda mai ita yake jin muryoyin da babu su, yana zargin ana bin sa ko ana shirya masa makirci. Wani bincike da aka yi a wurare 11 a Turai da Burazil, aka wallafa a 2019, ya gano cewa mai sha kullum ya ninka wanda ba ya sha sau uku wajen fuskantar irin wannan larura, idan kuma mai ƙarfi yake sha, kusan sau biyar. Haɗarin ya fi yawa ga wanda a danginsa akwai mai taɓin hankali. Babu gwajin da matashi zai yi ya san ko yana cikin waɗanda za ta taɓa kafin ya fara. Wasu sukan dawo hayyacinsu idan sun daina, wasu kuwa ciwon yakan zauna har ƙarshen rayuwa.

Illa ta uku ta shafi shekaru. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma ɓangaren da ke bayan goshi, mai auna abu kafin a aikata da danne son rai, shi ne na ƙarshe wajen kammala. Ƙwaƙwalwar matashi kamar ginin ƙasa ce da bai bushe ba: duk abin da ya taka shi sai sawunsa ya zauna. A garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan an bibiyi mutum 1,037 daga haihuwa har shekara 38. Rahoton 2012 ya nuna cewa waɗanda suka fara sha tun suna samari suka ɗore sun yi asarar maki har kusan 8 a ma'aunin kaifin basira, kuma dainawa daga baya bai mayar musu da shi duka ba. Masana sun yi ta muhawara kan ko talauci da yanayin gida suna da hannu a wannan sakamako, amma babu saɓani a kan cewa masu fara sha da wuri sun fi barin makaranta.

Sauran jiki ma ba ya tsira. Hayaƙin wiwi yana ɗauke da yawancin gubar da ke cikin hayaƙin sigari, mashayi kuma yakan riƙe shi a ƙirji, shi ya sa tari da majina suke yawa a cikinsu. Tana ƙara bugun zuciya, wanda haɗari ne ga mai ciwon zuciya. Wasu da suka daɗe suna sha sukan kamu da amai mai tsanani da ke tafiya yana dawowa, ba ya warkewa sai an daina. THC yana ratsawa zuwa ga ɗan tayi, yana fita a nono, kuma an danganta shan ta lokacin goyon ciki da haihuwar jarirai marasa nauyi. Tuƙi cikin mayenta yana ƙara haɗarin mota.

Wani abin da ya kamata matasa su sani shi ne wiwin yau ta fi ta da ƙarfi. A Amurka, matsakaicin THC a wiwin da ake kamawa ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin kashi 12 a 2014, kuma ya ci gaba da hawa. Irin waɗannan nau'o'i ne suke shigowa Najeriya da sunaye kamar Loud. Akwai kuma abin da ya fi muni, wato sinadaran da ake haɗawa a ɗakin gwaji a fesa a kan ganye, irin wanda ake sayarwa da sunan Colorado ko Kolos. Waɗannan suna kawo jijjiga, suma, lalacewar ƙoda da mutuwa. A Saliyo wani haɗi mai suna Kush ya yi wa matasa ɓarnar da ta sa Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilun 2024. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Illar ba ta tsaya a jikin mashayi ba. Kuɗin ƙulli kullum sai an nemo shi, daga nan ake fara ɗauke-ɗauke a gida, a sayar da waya, a taɓa jarin uwa. Wurin da ake sayen wiwi nan ake sayar da tiramol, kodin da sholisho, kuma nan ne masu neman 'yan bangar siyasa suke zuwa ɗiba. Gaskiya ne mafi yawan masu shan wiwi ba sa ɗaukar makami, amma daba a Kano, ƙauranci a Katsina, sara-suka a Bauchi da kalare a Gombe duk da shaye-shaye suke tafiya. Akwai kuma asarar mutunci: a ƙasar Hausa binciken aure yana tsayawa cak da zarar an ce yaro yana shaye-shaye, mai gida ba ya ba shi ajiyar shago, budurwar da aka sani da shaye-shaye kuwa tabon ya fi daɗewa a kanta.

Dokar duniya da masu sassauta ta

An fara sa wiwi a dokar ƙasa da ƙasa a yarjejeniyar Janiba ta 1925, bisa matsin Masar. Yarjejeniyar 1961 ta sa ta a rukunin ƙwayoyi mafiya haɗari. A watan Disambar 2020 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya cire ta daga wannan rukuni da ƙuri'a 27 a kan 25, don a buɗe hanyar bincike da magani, amma ya bar ta cikin abubuwan da ake sa wa ido sosai. Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi amincewa.

Sassaucin da ake ji a labarai iri uku ne, kuma haɗa su wuri guda shi ne ke rikita matasa. Na farko shi ne izinin noma don magani ko masana'antu. Wannan ne Lesoto ta fara a 2017, Zimbabuwe a 2018, Maroko a 2021. Gana ma ta ba da damar noman nau'in da ba ya bugarwa, amma shan wiwi laifi ne a can har yanzu. Na biyu shi ne daina ɗaure mai sha, kamar yadda Fotugal ta yi a 2001: wanda aka kama da ɗan kaɗan ana kai shi gaban kwamitin da zai tura shi magani ko ya ci shi tara, dillali kuwa kurkuku yake zuwa. Na uku shi ne ƙyale manya su sha don nishaɗi. Jihohin Kolorado da Washinton na Amurka suka fara kaɗa ƙuri'a a kan haka a 2012, Yurugwai ta zama ƙasa ta farko a 2013, Kanada ta bi a watan Oktoban 2018, Jamus a watan Afrilun 2024. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce ta yanke a 2018 cewa baligi yana iya sha a keɓe.

Masu goyon bayan halattawa suna da hujjoji masu nauyi. Suna cewa hani na shekaru da dama bai hana sha ba, sai dai ya azurta 'yan fasa-ƙwauri. Cewa ɗaure yaro saboda ƙulli ɗaya yana haɗa shi da manyan masu laifi ya fito ya fi da lalacewa. Cewa idan hukuma ce ke lura da kasuwar za a san ƙarfin abin da ake sayarwa, a karɓi haraji. A Kanada kamen masu sha ya ragu ƙwarai, kasuwar bayan fage ma ta ragu, ko da yake ba ta mutu ba.

Masu adawa su ma suna da abin nunawa. Kamfanin da ke cin riba daga kayan maye ya dogara ne da masu sha kullum, don haka yana ƙara wa kayansa ƙarfi da armashi. A Amurka, yara 'yan ƙasa da shekara 6 da aka kai rahoton sun ci alewa ko biskit mai wiwi bisa kuskure sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. A 2022, karo na farko, masu shan wiwi kullum ko kusan kullum a ƙasar sun fi masu shan giya kullum yawa. Tailan ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a watan Yunin 2022, shaguna dubbai suka buɗe, sai ga shi a watan Yunin 2025 ta dawo ta ce ba a sayar wa kowa sai da takardar likita.

Abu ɗaya ne duk waɗannan ƙasashe suka haɗu a kai: babu wadda ta ƙyale yara su sha don nishaɗi. Jihohin Amurka sun sa shekara 21, Kanada 18 zuwa 21 gwargwadon lardi. Jamus ta hana sha kusa da makarantu, ta kuma taƙaita ƙarfi da adadin da ƙungiyoyin noma za su ba ɗan ƙasa da shekara 21. Yurugwai tana yi wa mai saye rajista, ta ƙayyade masa giram 40 a wata, ta hana talla. Waɗannan gwamnatoci sun san tana da illa. Muhawararsu a kan hanyar rage ɓarnar ce. Sigari da giya halal ne a dokokinsu, kuma suna kashe miliyoyin mutane kowace shekara.

Matsayin Najeriya da hukuncin addini

Dokar soja ta 1966 ta tanadi hukunci har na kisa ga mai noman wiwi, kafin a sassauta ta a 1975. A 1989 aka kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, kuma dokarta ta tanadi ɗaurin rai-da-rai ga mai noma ko safara, da shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ita. Marigayi gwamnan Ondo, Rotimi Akeredolu, ya yi ta kiran a ba da damar noma don magani da fitarwa waje tun daga 2019, an kuma gabatar da ƙuduri a Majalisar Wakilai a 2023, amma bai zama doka ba. Shugaban hukumar, Janar Buba Marwa mai ritaya, ya sha bayyana adawarsa da halatta shan ta. A Nijar ma haramun ce a doka. Duk mai kwatanta Najeriya da Kanada ya kamata ya tuna cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200, kuma mai shago ba ya tambayar shekarun yaron da aka aiko sayen sigari.

Malaman Musulunci sun tattauna hukuncin hashish tun da ta yaɗu a Masar da Sham a ƙarni na 13. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya ɗauke ta daidai da giya a hukunci. Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya sa ta cikin masu gurɓata hankali, ya ce horon mai shan ta yana hannun alƙali. Saɓaninsu a kan nau'in hukunci ne, amma sun haɗu a kan haramci, domin kiyaye hankali yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Maganin da likita amintacce ya rubuta bisa larura babinsa daban ne, kamar yadda allurar kashe zafi lokacin tiyata take.

Abin da ya kamata matashi ya yi

Matashin da bai taɓa sha ba yana riƙe da abin da miliyoyin mashaya suke fatan su dawo da shi. Zuƙar farko kusan kullum kyauta ce, daga hannun aboki, a wurin da ƙin karɓa yake kama da tsoro. Kariyar da ta fi inganci ita ce zaɓen wurin zama da abokan zama tun kafin a miƙo, da kuma amsa gajeriya wadda ba ta buɗe ƙofar gardama. Zaman banza shi ne babban mai kai yaro daba. Sana'a, makaranta, ƙwallo da aikin gayya suna cike lokacin da dila yake jira. Wanda damuwa, rashin barci ko baƙin ciki ya dame shi, ya kai kukansa ga likita, malami ko wani babba da ya amince da shi.

Wanda ya riga ya fara shi ma bai makara ba. Idan mai sha kullum ya daina, yakan yi fama da saurin fushi, rashin barci, munanan mafarkai da rashin cin abinci. Abin yakan tsananta a makon farko, ya lafa cikin mako biyu, barci kuma ya daidaita a hankali. Wahala ce mai wucewa, ba ta kisa. Dainawa tana bukatar rabuwa da majalisar da ake sha, goge lambar dila, da sanar da wani na kusa wanda zai riƙa bibiya. Wanda ya koma bayan ya daina ya sake ɗaura niyya, domin da yawa sai a karo na biyu ko na uku suke rabuwa da ita. Wanda ya fara jin muryoyi, ko zargin mutane ba dalili, ko surutu shi kaɗai, a gaggauta kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali.

Abokai da 'yan'uwa suna da nasu nauyin. Rufa wa aboki asiri har ya haukace cin amana ne. Duka, kora daga gida da ɗaurin mari kuma ba sa warkar da kamu. Gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019 sun nuna irin azabar da ake yi da sunan gyara. Mashayi yana bukatar magani, sana'a da gidan da zai karɓe shi idan ya dawo.

Muhawarar halatta wiwi za ta ci gaba a majalisu da kotuna, dokoki kuma za su yi ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Abin da likitoci, masu goyon baya da masu adawa suka yi ittifaƙi a kai shi ne cewa wanda ya fi kowa asara da ita shi ne wanda ya fara da ƙuruciya. Don haka matashin da bai fara ba kada ya kusance ta, wanda ya fara kuma ya nemi taimako tun hankalinsa yana tare da shi.